Ranar da sabis ya dawo Gusau, sabarmu ta kwanta

Na jima ina son rubuta wannan, tun da wasu ƙannenmu masu koyon rubuta manhaja suka fara tare ni da tambaya, wai Yaya wace irin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da dandali a intanet, za mu kama in muna son buɗe dandalin sada zumunta irin Facebook, nawa za mu kashe. Amsar da nake ba su a tsaye ba ta gamsar da ni, don haka bari in zauna in kawo abin da ya same mu a 2021 daga farko, abin da muka gina, yadda ya durƙushe a hannunmu cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, da kuma abin da muka gyara.

Mu uku ne. Ni nake riƙe da ɓangaren saba da rumbun bayanai, wata ƙanwarmu ce ta rubuta manhajar Android, sai babbanmu da muke ce wa Yaya, shi ne mai shiga kasuwa yana nuna wa mutane yadda ake amfani da abin. Dandali ne ƙarami na 'yan kasuwa, mafi yawa masu hatsi da dillalai da masu shagunan waya, mutum ya ɗauki hoton kayansa ya naɗi murya ya ce ga buhun masara kaza, ga tiyar gero kaza, waɗanda ke bin sa su ji su mayar da martani. Murya muka fi ba ƙarfi saboda mutanenmu sun fi son magana da rubutu, wani ma ajami ya iya ba boko ba. Masu rajista sun ɗan haura dubu 10, daga Gusau zuwa Kaura Namoda, Talata Mafara, Tsafe, Gummi har Shinkafi, amma waɗanda za ka samu a ciki lokaci guda da wuya su kai 200.

Duka kayanmu a kan saba ɗaya suke, wadda muka yi haya a Frankfurt ta Jamus. Manhajar Django ce ke karɓar buƙatun wayoyi, PostgreSQL ke riƙe bayanai, hotuna da muryoyi kuma suna zube a kan faifai ɗaya da rumbun. Har yanzu ban ga laifin farawa haka ba. Instagram da kanta da Django da PostgreSQL ta taso, ranar da aka buɗe ta a Oktoban 2010 mutum 25,000 suka shiga, kuma lokacin da Facebook ta saye ta dala biliyan 1 a 2012 ma'aikatanta 13 ne kacal. Ga kuma maganar aljihu, da dala muke biyan haya, a lokacin dalar ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage, katin banki kuma an ƙayyade abin da zai iya biya a waje duk wata. Saba ɗaya ita ce daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da muke alfahari da shi a manhajar shi ne akwatin jira. Mun san halin sabis ɗin yankinmu, yanzu akwai anjima babu, to sai ƙanwarmu ta yi tsari cewa in mutum ya tura saƙo babu netwok, saƙon ba ya ɓata, yana zama cikin wayar, wayar kuma tana ta gwadawa duk bayan daƙiƙa 5 har ya wuce. Mutane sun so wannan sosai. Ku riƙe daƙiƙa 5 ɗin nan a ranku.

A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Da farko makonni biyu aka ce, sai abin ya zarce. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka. Wanda bai zauna cikin jihar ba a watan nan ba zai gane ba, mutum ya hau mota zuwa Funtua don kawai ya kira ɗansa ko ya ga ko kuɗinsa sun shigo, daga baya ita ma Funtuwar aka rufe. Ni dai na tattara laftof ɗina na koma Kano wajen wani kawuna saboda sauran ayyukan da nake ci da su, Yaya da ƙanwarmu suka zauna gida.

Duk tsawon watan sabar tana nan shiru, in na leƙa sai in ga mutum goma ko ashirin, waɗanda suka fito wajen jiha. Har na yi tunanin rage girmanta don a rage kuɗi, Allah Ya taimaka ban yi ba. Abin da bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya shi ne, mutane ba su daina amfani da manhajar ba. Suna buɗewa, suna naɗar murya, suna danna tura, da fatan ko Allah Zai sa ya wuce. Kowace waya ta zama ɗan rumbu, wata saƙo uku, wata talatin, duk suna jiran ƙofa ɗaya.

Farkon Oktoba aka dawo da sabis a cikin garin Gusau. Ina zaune a tsakar gidan kawu wayata ta yi ƙara, na ga sunan Yaya, wanda rabona da jin muryarsa kusan wata guda. Ko gaisawar kirki ba mu yi ba ya ce, “Kai ƙane, sabis ya dawo, amma wanga abu namu ya ƙi buɗewa, ga ni gaban Alhaji sai juyawa yakai.” Na ce Yaya ba ni minti biyar. Na buɗe laftof, shiga sabar ma sai da ta ɗauke ni kusan minti biyu, haruffan da nake bugawa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jawo su da igiya. Da log ya buɗe, wato kundin da saba ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta, layi ɗaya ne ke ta maimaita kansa yana gudu sama, PostgreSQL na cewa masu haɗi sun yi yawa. Hannuna har rawa yake.

A nan nake son in tsaya da kyau, don abin ba guda ɗaya ba ne, abubuwa ne suka hau kan juna.

PostgreSQL yadda yake zuwa daga asali haɗi 100 yake karɓa lokaci guda, kuma ban taɓa wannan lambar ba don ba mu taɓa kusantar ta ba. Yanzu ga wayoyi dubbai sun farka cikin 'yan mintoci, kowace na tura abin da ta tara. In ka ɗauki waya 3,000 kawai kowace na bugawa duk daƙiƙa 5, buƙata 600 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma ba buƙatar rubutu ba, murya ce da hoto. Wannan kaɗai ya isa. Amma abin da ya kashe mu shi ne yadda na tsara aikin karɓar saƙo. In saƙo ya shigo, a cikin wannan buƙatar guda sabar za ta ajiye fayil, ta rubuta saƙon, sannan ta bi duk masu bin mutumin ɗaya bayan ɗaya ta saka musu shi a shafinsu, ta kuma tura wa kowa sanarwa, sai ta gama duk wannan take ce wa wayar na karɓa. Ga mai mabiya 40 ba komai ba ne. Amma Alhajin da Yaya ke gabansa, babban dillalin hatsi ne, mabiyansa sun kusa 4,000, kuma yana da saƙonni sun fi ashirin a akwatin jira. Saƙonsa ɗaya rubutu 4,000 ne a rumbu.

To wayar daƙiƙa 30 take jiran amsa. In ba ta ji ba sai ta ɗauka bai je ba ta sake turowa. Alhali ya je, sabar tana tsakiyar raba shi ne. Sai ga kwafi na biyu, shi ma a fara raba shi ga mutum 4,000, kafin a gama ga na uku. Sabar na ƙara nauyi, amsa na ƙara jinkiri, wayoyi na ƙara turowa, abu ya zama kamar rijiya ɗaya da garke ya taso mata gaba ɗaya, ba mai sha, sai turmutsutsu, bakin rijiyar ma yana zubewa. Babu wani ɗan kutse, babu maƙiyi, manhajarmu ce da hannunmu muka rubuta take dukan sabarmu.

Ana cikin haka faifai ya cika, saboda kowane kwafin murya sabon fayil ne. PostgreSQL kuwa kafin ya taɓa bayanai sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani kundi nasa, in ya rasa wurin rubutawa tsayawa yake cak. Ya tsaya.

Akwai kuma na gefe wanda ya ci mana kuɗi. Izinin shiga da muke ba kowace waya kwana 14 yake yi ya mutu, in mutum na shiga kullum yana sabunta kansa ba tare da ya sani ba. An yi kusan kwana 28 babu sabis, ke nan da yawa izininsu ya mutu, sai an tura musu lambar sirri ta tes. Mutum ya nema bai ga ta zo ba ya sake dannawa, ya sake, kuɗin tes ɗin da muka saya na wata biyu suka ƙare a yinin.

Abin da na fara yi kuskure ne, na sake kunna sabar. Ta tashi, ba ta yi minti ɗaya ba ta sake kwanciya, don wayoyin suna nan a bakin ƙofa ba inda suka je. Na kira ƙanwarmu na ce ko za mu fitar da sabon afdet da zai rage gwadawar, ta ce “Yaya ko na gyara yanzu wa zai sauke? Rabin mutanenmu ba daga Play Store sunka samo ta ba, ta Xender aka tura musu a kasuwa.” Gaskiyarta. Wannan magana ita ta juya mini tunani, wayoyin nan ba su hannunmu, duk gyaran da za a yi dole a yi shi a ɓangaren saba, kuma dole ya yi aiki da tsohuwar manhajar yadda take da halinta.

Korar su ba za ta yi ba, in ka ce wa tsohuwar manhajar dakata ba ta jin wannan yaren, bayan daƙiƙa 5 za ta dawo. Hanya ɗaya ta sa ta yi shiru ita ce ka ce mata na karɓa. Don haka a daren na rufe komai daga Nginx, manhajar da ke tsaron ƙofar saba, na ƙara faifai na biyu na kwashe muryoyi da hotuna zuwa can, rumbu ya samu numfashi ya tashi. Sannan na raba aikin karɓa gida biyu. Ƙofar gaba aikinta kawai ta karɓi saƙo, ta ajiye fayil, ta jefa sunansa a layi cikin Redis, wata ma'ajiya mai sauri, ta ce wa waya an karɓa, duk cikin ƙiftawar ido. A baya kuma ƙananan manhajoji huɗu na Celery suna ɗauka daga layin a hankali suna rabawa daidai ƙarfin rumbu. Na sa wata manhaja mai suna PgBouncer a bakin rumbu yadda ɗaruruwan buƙatu za su riƙa karɓa-karɓa da haɗi 20 kawai. Maganar kwafi kuwa, tunda tsohuwar manhajar ba ta ba saƙo wata lamba tasa ta kansa, sai na haɗa lambar mai turawa da lokacin da wayar ta naɗa da girman fayil na mayar da su shaida, duk wanda ya zo da shaidar da muka taɓa gani a ce masa an karɓa amma a watsar. Izinin da suka mutu na tsawaita su daga rumbu. Wajen asuba na buɗe ƙofa. Layin ya haura sama sosai, ya tsaya, sannan ya fara sauka, ina kallon lambar na raguwa har aka kira salla.

Ba mu gama hutawa ba sai ga Litinin 4 ga Oktoba. Wajen la'asar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya, kusan awa shida, saboda wani canji da injiniyoyinsu suka yi ya janye hanyoyin da intanet ke bi ta iske sabobinsu. Twitter kuwa dama gwamnatin tarayya ta dakatar da ita tun watan Yuni. Telegram ta ce mutum miliyan 70 ta samu a ranar. Mu ma namu rabon ya zo daidai girmanmu, 'yan Gusau da suka yi wata ba waya, suka samu kwana uku, sai kuma WhatsApp ta tafi, da yawa sun ɗauka sake rufewa aka yi, da suka ga tamu na buɗewa sai aka yi ta turawa juna. Wannan karon ba turawa ce ta yi yawa ba, karatu ne, kowa na jan shafi ƙasa yana saurare. Sabar ta yi nishi amma ba ta faɗi ba, sai dai murya kan yi daƙiƙa goma kafin ta fara, domin kowane sauraro sai ya taso daga Gusau ya gangara Legas ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai ya dawo, kuma sabar da ke amsa tambayoyi ita ce dai ke ɗaukar dakon fayil. A makon muka kwashe duk fayiloli zuwa ma'ajiyar fayil ta daban, muka sa kamfanonin rarraba fayil da ke da sabobi a Legas a gaba, muryar da mutum ɗaya ya saurara ta zauna kusa, na biyu ba sai ya je Jamus ba. Muka kuma matse muryoyi da wani tsarin sauti mai suna Opus, wanda ya rage wa mutane cin data, ya rage mana dala.

Na ce an watsar da kwafi, to amma ɓarnar farko ta riga ta auku, kuma a ganina ita ce mafi muni duk da ba ta taɓa saba ba. Muna jera saƙonni ne da lokacin da suka iso, ba lokacin da aka naɗa ba. Ke nan farashin da Alhaji ya faɗa a farkon Satumba ya fito a saman shafi kamar na yau, har sau shida. Wani mutum ya ji, ya taso da kuɗinsa a kan tsohon farashi, ya iske kaya sun tashi, aka yi ka-ce-na-ce a gaban jama'a, yana cewa da kunnensa ya ji. Yaya ne ya je ya durƙusa ya ce “Alhaji a yi haƙuri, laihinmu na, ba naka ba,” ya kunna saƙon ya nuna wa mutumin cewa tsoho ne. Alhaji ya haƙura amma ya yi wata biyu bai sake saka farashi ba, kuma mutane da dama don shi suke shiga. Wannan ya fi mini ciwo fiye da daren da na kwana gaban laftof, mutum ya ba ka amanar sunansa na kasuwa, kai kuma layi ɗaya na kod ya sa an ƙaryata shi. Yanzu kowane saƙo da ranar da aka naɗa shi yake fitowa, in ya wuce kwana biyu a hanya ana rubuta masa tsohon saƙo ne da ja, kuma ba ya hawa sama.

A sabuwar manhajar ƙanwarmu ta sa kowane saƙo ya samu lambarsa tun daga waya, ko sau ɗari ya zo ɗaya ne. Gwadawa kuma ta daina zama daƙiƙa 5, in ya ƙi sai ta jira 5, sannan 10, sannan 20, tana ninkawa har minti goma, kuma kowace waya tana ƙara wasu daƙiƙu na kanta da ka, don kada dubu su buga tare. In sabis ya dawo bayan dogon rashi ba ta zazzage akwatin gaba ɗaya, ɗaya take turawa sai ya wuce ta ɗauko na gaba. Masu mabiya da yawa irin Alhaji kuma mun daina raba saƙonsu gida-gida, yana zaune wuri ɗaya, in mabiyi ya buɗe shafinsa sai a ɗauko a haɗa masa, wanda shi ne irin maganin da Twitter ta yi wa manyan asusunta. Ƙananan asusu har yanzu ana raba musu kamar da, don ya fi saurin buɗewa.

Saba nawa muka ƙara a duk wannan? Ɗaya, ƙarama, don rumbun bayanai ya zauna shi kaɗai. Shi ya sa in aka tambaye ni wace saba za a kama nake jin tambayar ta zo da wuri. Ni da ina lissafi ne da yawan masu rajista, ina cewa in mun kai dubu 50 za mu ƙara kaza, ban taɓa zama na tambayi kaina me zai faru in dubu 3 suka zo a minti ɗaya ba, alhali a garinmu wannan ba baƙon abu ba ne, ko an kawo wuta unguwa guda ce ke kunna waya tare, ko an idar da sallar Juma'a. Yanzu kafin mu saki kowane gyara ina da ɗan kod da ke kwaikwayon waya 5,000 masu tsohon hali, in sake su kan sabar gwaji in ga me zai karye.

Gwajin gaske ya zo a ƙarshen Nuwamba lokacin da aka buɗe sabis a sauran ƙananan hukumomi. Waɗannan wayoyi kusan wata uku suka yi a rufe, kuma duk tsohuwar manhaja ce a kansu, ba su ga afdet ko ɗaya ba. Na dawo Gusau lokacin, muna zaune mu uku a shagon Yaya da ke Tudun Wada, janareta na ƙara, laftof a kan benci. Layi ya cika ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, ya yi kusan minti arba'in yana sauka, shafi kuma na buɗewa lafiya duk tsawon lokacin. Cikin waɗanda suka shigo ƙanwarmu ta kunna mana ɗaya da aka saka a fili, daga wajen Shinkafi, muryar wani dattijo ce da ya naɗa tun tsakiyar Satumba, ba farashi ba ne, cewa yake duk wanda ya san ɗansa da ke aiki a kasuwar Gusau ya gaya masa suna nan lafiya. Sau ɗaya ya fito, da jan rubutunsa na tsohon saƙo a sama. Yaya ya ce ya san layin da yaron yake, ya ɗauki makullin mashin ya fita.

Tsohuwar ƙofar karɓar saƙon har yau ban rufe ta ba, duk da tana ƙara mana aiki a kowane gyara, saboda duk mako sai na ga wayoyi a log suna bugowa da sigar farko, wadda wani ya tura wa wani ta Xender.